Filin Tambayoyin Masu Karatu: Sufayen Buda da kyamarar baƙo

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tun da hotunan nan uku suka fita a fitowar da ta gabata wayata ba ta huta ba, saƙo daga Gombe, daga Bauchi, har Azare da Misau. Ga wanda bai gani ba, hotunan wasu mutane ne masu aski ƙwal kwabo, ba takalmi, kowa ya naɗe jikinsa da zane ruwan goro ya rataya kwano a kafaɗa, sun jero layi ɗaya da asussuba, mata na zaune bakin titi suna saka musu shinkafa. Sufayen addinin Buda ne, a garin Luang Prabang na ƙasar Lawos na ɗauke su. Na tsinto tambayoyin da suka fi maimaituwa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Jekadafari, Gombe:

Salam Malam, ni ina zuwa Bankok saro kaya sau biyu a shekara kuma ina ɗan taɓa hoto na biki da suna. Kullum da sassafe in na leƙo ta tagar otal ɗinmu a Pratunam ina ganin mutanen nan suna wucewa amma ban taɓa iya ɗaga kyamara ba, tsoro nake kar in yi laifi a ƙasar mutane. Wai dan Allah ana yarda a ɗauke su? kuma ya ake yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoron nan da kake ji kar ka yar da shi, da shi za ka samu hoto mai kyau. Ana ɗauka, ba mai kama ka don ka ɗauki sufi yana tafiya a titi, amma kafin ka danna komai ya kamata ka san me kake kallo.

A Tailan, ƙasar da Bankok ke ciki, sama da mutum 90 cikin 100 mabiya Buda ne, kuma ɓangaren da suke bi, wanda ake kira Terabada, shi ne dai a Lawos da Kambodiya da Myanmar da Siri Lanka. Cikakken sufi a wannan ɓangare yana ƙarƙashin dokoki 227. Ba ya aure, a ƙa'ida ba ya karɓar kuɗi, kuma da zarar rana ta take tsaka an rufe maganar abinci sai gobe, sai dai abin sha. To abin da zai ci ɗin ma sai wanda aka miƙa masa, shi ya sa yake fita da asuba da kwano. Ba ya roƙo, ba ya buga ƙofa, idonsa a ƙasa, in an zuba masa ma ba ya cewa na gode domin a fahimtarsu mai bayarwa shi ne ya ci riba, lada yake nema. Za ka ga mace ta cire takalmi ta durƙusa ta haɗa hannu, shi kuma ya karanta mata 'yar gajeriyar addu'arsu ya wuce. Ka ga kenan ibada ce ake yi a bakin titi, su biyun duka.

Yanzu ka ɗauka ranar Idi ce a Gombe an tayar da sahu, sai ga wani baƙo da gajeren wando ya kutsa tsakanin liman da sahun farko yana haska mutane da fulash. Abin da za ka ji a ranka shi suke ji. Kuma wallahi na ga hakan da idona a Luang Prabang. Garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1995, tun daga nan baƙi suka yi ta ƙaruwa, da asuba motoci za su sauke 'yan yawon buɗe ido a babban titi, sai ka ga ƙato ya kai kyamara kusa da hancin yaro ɗan shekara 10 yana ta walƙa masa haske a ido, yaron ba halin ya yi magana ba halin ya kauce daga layi, sai dai ya ƙara sunkuyar da kai. Ni kaina asubar farko na matsa fiye da kima ina neman hannun wata tsohuwa, sai na ji an taɓa min gwiwar hannu, wani dattijo ne, bai ce uffan ba ya dai nuna min tsallaken titi. Na tsallaka. Hotunan ukun da kuka gani duk daga tsallaken nan na ɗauke su, kwana biyu bayan haka.

Abin da zan ce maka shi ne ranar farko ka bar kyamarar a ɗaki. Ka fita wajen ƙarfe 5 da rabi zuwa 6 ka kalla kawai, domin hanya ɗaya suke bi kusan kullum, gida ɗaya, mai shago ɗaya, kwana ɗaya. In ka gane hanyar sai ka zaɓi bango mai kyau ko ƙofa ko wurin da haske ke faɗowa, washegari ka riga su zuwa ka tsuguna ka jira su shigo maka cikin hoton da kansu. Tsugunon nan yana da dalili, a al'adarsu ba a ɗaga kai sama da na sufi a irin wannan lokaci, don haka kar ka hau benci ko bayan mota. Kar ka ratsa layinsu, kar ka bi su a baya kamar mai rakiya, fulash kuwa kashe shi tun daga ɗaki, in kyamararka na da shota mara ƙara ka saka ta.

Kuma kar ka tsaya kan fuska kaɗai. Wanda na fi so cikin nawa ba fuskar kowa a ciki, ɗan kwandon gora ne a cinyar tsohuwa tururi na tashi, ta gutsuro shinkafa mai danƙo da yatsu uku, yaro ya ɗan zame murfin kwanonsa, ƙafarsa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Tunda a Bankok kake, ka hau tasi zuwa gidan ibadar Wat Benchamabophit a unguwar Dusit, wanda Sarki Chulalongkorn ya fara ginawa a 1899 da marmara daga Italiya. A can sufayen tsayawa suke a gaban gidan ibadar jama'a su kawo musu abinci, ba tafiya suke ba, ya fi sauƙi ga mai koyo.

Tambaya daga wani matashi, Kobi, Bauchi:

Malam ashe su ma suna da almajirai? na ga yara ƙanana a hoton da kwanon bara, ni a tsangaya na tashi abin ya taɓa ni sosai. Meye bambancinsu da namu?

Amsa:

Ƙanina, ni ma abin da ya fara zo min a rai kenan, amma kama da wane ba ta wane ba. Inda suka yi kama, yawancin yaran nan 'ya'yan talakawan ƙauye ne, iyaye kan kai su gidan ibada don a nan ne za su samu karatu da wurin kwana, har da boko. Yaron da bai kai shekara 20 ba ba ya zama cikakken sufi, ɗalibi ne mai dokoki 10, shi ya sa za ka gan su a ƙarshen layi, manya a gaba. Suna hadda, suna shara, suna wankin mayafansu, suna yi wa malaminsu hidima, duk wanda ya zauna tsangaya zai gane wannan rayuwa.

Inda aka rabu shi ne gari ne ke jiran su. Matan nan tun duhu suke tashi su turara shinkafa sabuwa, farkon tukunya ake ba sufaye, ba kwantai ba ragowa. Fita ɗaya ce da safe, a bayan manyansu, su koma gida a ci tare, ba ka ganin yaro shi kaɗai yana yawo a tasha da rana tsaka. Har ma a Luang Prabang na ga yaran talakawa na zaune can gaba da kwanduna, in kwanon sufi ya cika sai ya ɗebo ya zuba musu. Sannan a Tailan ba ɗan talaka kaɗai ke shiga ba, al'ada ce namiji ya aske kai ya shiga na ɗan lokaci, wani makonni, wani wata 3 na damina, marigayi Sarki Bhumibol da kansa ya yi kwana 15 yana sufi a 1956. In sarki ya riƙe kwanon nan ai ka san ba mai raina shi.

Mu ma fa da haka muke. Kakata a Bolari ba ta taɓa kwashe tuwo ba ta ware na almajirinta ba, kwanonsa daban, ta san sunansa ta san garinsu, in bai zo ba sai ta aika a dubo ko lafiya. Wannan ne ya yi ƙaranci yanzu, kuma yana damuna ƙwarai.

Ta ɓangaren hoto, ka san yadda ranmu ke ɓaci in wani ya zo daga nesa ya tsinci almajiri mai yagaggiyar riga ya ɗauka ya kai intanet a matsayin hoton Arewa, bai gaida alaramma ba, bai tsaya ya ga karatun dare a bakin wuta ba, bai ga allo ba bai ga tawada ba. To kar mu je ƙasar wasu mu yi irinsa. Yaro ɗalibi in kana son ɗaukarsa kusa, babban da ke kula da su za ka nema tukuna. Kai da ka san tsangaya ma ka fi kowa dacewa da wannan aiki, ka fara da taku, ka nemi izinin alaramma ka zauna da su sati guda kafin ka fito da kyamara.

Tambaya daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi:

Yallabai tunda an hana fulash kuma duhu ne ya ake hoton ya fito? ƙaramar kyamara gare ni da lens 50mm kawai.

Amsa:

Ya ishe ka. Buɗe idon lens ɗin zuwa f/1.8 ko f/2, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, shota kuma kar ta sauka ƙasa da 1/250 in tafiya suke, domin sauri suke yi fiye da yadda kake zato. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, ka bar shi, gara tsaki da hoton da ya girgiza. Mai 85mm ko 70-200mm ya fi ka samun sauƙi daga tsallaken titi, amma kai sai ka haɗa da gari a ciki, bango, bishiya, keke, karen da ke kwance, hoton ya fi ba da labari a haka.

Kalar mayafin nan tana ruɗa kyamara, in rana ta fito ruwan goron kan ƙone ya zama faci ɗaya ba a ganin ninkin zanen, don haka ka ɗan rage haske kaɗan ka kuma ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka gyara daga baya, musamman inda fitilar titi ta haɗu da hasken alfijir. Wani abu da ba a faɗa wa mutum, in ka kwana a ɗaki mai esi ka fito da kyamara cikin danshin ƙasashen nan gilashin gumi yake yi nan take, sai ka yi minti 15 ba ka ganin komai layi ya wuce. Ka kwanar da ita cikin jaka a inda sanyin bai kaiwa. Lokaci mafi daɗi Nuwamba zuwa Fabrairu, daga Maris zuwa Afrilu kuwa arewacin Tailan da Lawos hayaƙin ƙona gonaki ne ke rufe sama kamar hazon hunturunmu. Masu waya ku jira gari ya ɗan waye, tsarin ɗaukar dare na waya ba ya kama mai tafiya.

Tambaya daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Gombe:

Malam zan raka maigida asibiti a Bangalor ta Indiya, za mu jima. In ya samu sauƙi ina so in ga mutanen nan in ɗauko hoto, akwai su a can? kuma ni mace da hijabi ba matsala?

Amsa:

Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya sa kaffara ne. Akwai su, a jihar Karnataka ɗin ma. Bayan Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ya gudo daga can a 1959 gwamnatin Indiya ta ba mutanensa filaye, ɗaya daga ciki shi ne Bylakuppe, gaba da Maisur, kilomita 200 da 'yan kai daga Bangalor. A nan gidan ibadar Namdroling yake wanda aka kafa a 1963, da kuma Sera. Su nasu mayafin kalar zoɓo ne da ɗan rawaya, kuma ba sa fita layin asuba irin na Tailan. Abin kallo a wajensu muƙabalar karatu ce a tsakar gida, ɗaya na zaune ɗaya na tsaye, na tsayen ya jefo tambaya ya tafa hannu da ƙarfi ya buga ƙafa, in suna da yawa sai wurin ya ɗauki amo kamar kasuwa. Sai dai ɗan ƙasar waje na buƙatar takardar izini ta musamman daga gwamnatin Indiya, musamman in zai kwana, ku nema da wuri.

Shigarki kuwa ta riga ta cika sharaɗi, abin da suke nema a rufe kafaɗa da gwiwa ne. Takalmi a bakin ƙofa kamar masallaci, in kin zauna kar ki miƙe ƙafa tana kallon mutum-mutuminsu ko sufi, in za ki zagaya gini ki bar shi a hannun damanki kamar yadda suke yi. Babbar dokar mace dai kar ki taɓa sufi, a Tailan ko abu za ki ba shi ba hannu da hannu ba, ƙyalle yake shimfiɗawa ki ɗora a kai, ko a mota ba a zama gefensa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kuma kina da damar da ni ba ni da ita, akwai mata masu irin wannan rayuwa, a Myanmar ruwan hoda suke sawa a Tailan farare, ga matan da ke girkin asuba, mace 'yar uwarsu ta fi samun shiga wajensu, hotunansu kuma sun yi ƙaranci sosai.

Tambaya daga wani dattijo, Misau:

Ya halatta Musulmi ya shiga wurin gumaka don hoto?

Amsa:

Baba wannan fatawa ce, gidan malamai za a kai ta, kuma duk mai niyyar tafiya ina ba shi shawara ya tambayi malaminsa tun yana gida. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda nake yi. Ba na rusuna wa komai, ba na kunna turaren tsinke, ba na shiga layin masu ba da abinci, gefe nake tsayawa, kuma ba wanda ya taɓa tilasta min. Galibin hotunan da suka fi kyau ma a titi ne da tsakar gida, shara, shanyar mayafai, aski, karatu a gindin bishiya.

Rashin yarda da aƙidar mutum kuma bai ba mu lasisin wulaƙanta shi ba, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah. Wannan ya haɗa da abin da za a rubuta a ƙasan hoton a Facebook. Ga kuma doka, a Siri Lanka a 2012 kotu ta yanke wa Faransawa 3 ɗaurin wata 6 na je-ka-gyara-halinka da tara saboda hotunan da suka ɗauka suna kamar sumbatar mutum-mutumin Buda, a 2014 kuma an kori wata 'yar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buda a damtsenta. A can ba a juya wa mutum-mutumin baya don ɗaukar salfi, kuma ana cire hula a ƙofa, wanda ya san ba zai iya cire tasa ba ya tsaya daga waje. A gidan ibadar Mahabodhi da ke Bodh Gaya ta jihar Bihar a Indiya, wurin da mabiya Buda suka fi girmamawa, an hana shiga da waya tun bayan fashewar bama-bamai a 2013, kyamara kuwa sai an biya mata kuɗi.

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoto, Pantami, Gombe:

Oga hotunan da nake gani a Instagram na yara sufaye da jar lema haske na ratsowa ta taga hayaƙi na tashi, ya ake dacewa da irinsu? ko biyansu ake?

Amsa:

Da yawansu shiryawa ake yi abokina, an fi yin su a wajen Bagan ta Myanmar, ɗan jagora ya kawo yara ya ba su lema ya kunna turare don hasken ya fito, masu kyamara su jeru kowa ya ɗauki abu ɗaya. Ni ba na yi kuma ba na so ka yi. Doka ta 10 a dokokin yaran nan ita ce kar su karɓi kuɗi, kai kuma ka zo ka sa yaro ya karya ta saboda hoton da wasu ɗari suka riga ka ɗauka. Myanmar ɗin ma tun juyin mulkin Fabrairun 2021 yaƙi ake, ga girgizar ƙasar Maris 2025 da ta yi ɓarna a yankin Mandalay, yanzu ba lokacin zuwa ba ne.

In hoton fuska kake so na kusa, ka je Chiang Mai a arewacin Tailan, a Wat Chedi Luang akwai tebura a ƙarƙashin inuwa inda matasan sufaye ke zama suna hira da baƙi don su goge Turancinsu. Zauna ka yi hira ta gaske, za su tambaye ka Najeriya, za su tambaye ka azumi, ni da na ce musu muna yin wata guda ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana sai da ɗaya ya kira abokinsa ya zo ya ji. Bayan nan in ka nemi hoto da wuya a hana ka, wanda ya ce a'a kuma ka ajiye kyamarar ku ci gaba da hira. Ka wanko hotunan hawan sallar Gombe guda biyu ko uku ka sa a jaka, dawakan nan da kwalliyarsu suna burge su sosai, nawa sai da na bar musu su.